JIRAGEN ARAHA DA ABINCIN MUTANEN ƘASAR JORDAN

Kowa a cikinmu ya san Kogin Urdun tun daga ajin baftisma. Ƙasar da ke gabas da kogin nan ita ce Jordan, kuma ba ta da arzikin man fetur irin na maƙwabtanta. Baƙi masu ziyara suna daga cikin manyan hanyoyin cin abincinta.

Abin da baƙo zai gani kuwa yana da yawa. Akwai Dutsen Nebo, inda Musa ya hangi ƙasar alkawari. Akwai garin Madaba, inda taswirar Ƙasa Mai Tsarki ta ƙarni na 6 take shimfiɗe a daɓen wata majami'a. Akwai wurin da aka yarda cewa nan ne Yahaya ya yi wa Ubangijinmu baftisma, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Ga kuma Petra, birnin da aka sassaƙa cikin dutse.

A dā tsadar jirgi ce take tsare mutane. Amma a 2010 Jordan ta ƙulla yarjejeniyar sufurin sama da Tarayyar Turai, a 2018 kuma kamfanin Ryanair na ƙasar Ailan ya soma sauka a Amman da Akaba. Dabarar irin waɗannan kamfanoni ita ce: jirgi iri ɗaya suke saye don gyara ya yi sauƙi, ba abinci kyauta, kaya sai an biya, jirgi kuma ba ya daɗewa a ƙasa. An ce araha ba ta ado, amma ta kai malamin makaranta da ɗalibi inda dā sai mai hali. A 2019 masu ziyarar Petra suka haura miliyan 1 a karo na farko. Direba, da mai masauki, da mai sayar da tsaraba, kowa ya samu. Mu ma ba a bar mu a baya ba, domin a 2021 hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista a Nijeriya ta kai mutanenmu can, ko da yake ba da jiragen nan ba.

To, sai dai jirgin da riba ta kawo, tsoro yakan kore shi. Annobar korona ta rufe filayen jirage a 2020. Yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoba 2023 bai shiga Jordan ba, duk da haka baƙi suka janye, masaukai a Petra suka zama wayam, magidanta suka rasa na cefane.

Ashe gaskiyar Bahaushe ne, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Arahar tikiti takan kawo baƙo, amma salama ce take zaunar da shi. Saboda haka in mun taru sujada ran Lahadi, mu tuna da mutanen ƙasar nan cikin addu'a, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Ubangiji ya ba su salama, ya ba mu. Amin.