Yadda Kalmar Liman Ta Hau Titi

Ga wani kacici-kacici. Liman ya miƙe, ya waiwayo ya ce, "A daidaita sahu." Mamu suka haɗa kafaɗa da kafaɗa. Da aka sallame, ɗaya daga cikinsu ya fito bakin titi ya tsayar da babur mai ƙafa uku, wanda shi ma sunansa A Daidaita Sahu. Legas suna cewa Keke Marwa, don tunawa da Buba Marwa da ya mulki jihar zamanin soja. Wasu garuruwan kuma Keke NAPEP suke kiransa, daga shirin yaƙi da talauci na 2001. Waɗannan duk asalinsu a fili yake. To, me ya haɗa injin da ake ƙerawa a Indiya da masallatan Kano?

Zato na farko: ai layi suke jerawa a tasha suna jiran fasinja. Zancen ya yi daɗin ji, amma motocin tasi da hayis sun shekara da shekaru suna jera layi a Kano, ba wanda ya taɓa laƙaba musu sahu. Wannan zato ya faɗi. Saura wanne?

Na biyu ya fi shi ƙarfi. Dubi kujerar baya: mutum uku a jere, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ba sahu ba ke nan? Kusa dai. Sai dai haka ake zama a cikinsa ko'ina, kuma a Kano kaɗai sunan ya tsiro. Akwai abin da ya faru a Kano.

Ga alama. Kafin 2005 ba a san sunan a titi ba. Ke nan yana da ranar haihuwa. Yana kuma da uba. Uban ba direba ba ne. Ba liman ba ne.

Gwamna ne.

Malam Ibrahim Shekarau ya hau mulki a 2003, a 2004 kuma ya ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya da ɗabi'un jama'a, ya aro masa wannan kalma ta masallaci: yadda ake miƙe sahu kafin kabbara, haka al'umma za ta miƙe halayenta. Da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a 2005, 'yan Hisba suna sa ido, sai tambaya ta taso: matan da me za su je asibiti da gidan biki? Gwamnati ta kawo baburan masu ƙafa uku domin su, da labule a gefe, da sunan shirin rubuce a jiki. Mai jiran abin hawa kuwa abin da ya gani a rubuce shi zai kira. A ganina nan ne daɗin labarin yake: hukuma ta rubuta take, mutanen gari suka mayar da shi suna.

A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, sai mai ƙafa uku ya cika gari, maza da mata kowa na hawa. Baki ya gutsure sunan ya koma adaidaita, matuƙinsa ɗan adaidaita, kuma da wannan suna ake tsayar da shi yau har Maraɗi da Damagaram.