Masu Ginin Tukwanen Fulawa a Birnin Kebbi

Wanda ya ratsa unguwar Gesse ko GRA zai ga tukwanen fulawa jere a ƙofofin gidaje, wasu ka rantse daga dutse aka sassaƙo su. Siminti ne da yashi, aikin hannun mutanen da ke zaune a gefen titi, galibi maƙwabtan masu sayar da dashe. Sana'ar ta samu kasuwa ne bayan garin ya zama hedikwatar jiha a 1991, ofisoshi da otal-otal da sababbin gidaje suka yawaita.

Da yashi ake farawa. Tifa ke kawo shi, yaro ya tankaɗe da rariya don fitar da tsakuwa. Siminti kuwa yawanci daga Kalambaina ta Sakkwato yake zuwa. Ƙaramar tukunya ba ta da wuya: roba biyu, babba da ƙarama, a shafe su da baƙin mai don kada kwaɓin ya manne, a cika tsakaninsu. Gwanintar tana wajen babba. Maigida zai tara jiƙaƙƙen yashi, ya kafa sanda a tsakiya, ya riƙa zagayawa da katakon da aka yanka da siffar tukunyar har tulin ya fito sumul. Sai ya yaɓa kwaɓi da cokalin gini, ya shimfiɗa ragar waya, ya ƙara yaɓe na biyu. Kashegari a kwashe yashin, a bar huda a gindi don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kafin ta gama tauri ake karce jikinta da burushin ƙarfe, a nan kamannin dutse ke fitowa, sannan a bi da garin kala ko fenti.

Daga nan sai ban-ruwa, kuma nan ne ake gane mai haƙuri. Siminti sai ya yi kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, ga zafin bazara a nan yana haura digiri 40, ga iskar hunturu mai busar da kwaɓi tun bai kama ba. Tukunyar da ba a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu aka yi ta yayyafa mata ruwa safe da yamma ba, tsagewa za ta yi.

Kuɗin kaya ya matsa wa masu sana'ar. Buhun siminti mai kilo 50 da ake saye ƙasa da naira 5,000 a 2022 ya haura 10,000 a wasu wurare a farkon 2024. Mai saye kuma yana taya tukunya kamar randar ƙasa. Ciniki ya fi tafiya da damina, ko in an samu odar sabon gini. Siminti yana cin hannu, shi ya sa ba ka raba su da man kaɗanya.

Amma a ganina babbar matsalar nauyi ce. Tukunya ɗaya sai ƙarti biyu sun kama, kuɗin ɗauko ya ƙaru, in ta kuɓuce a hanya aikin mako ya tafi. A Turai suna rage nauyin ne ta hanyar haɗa siminti da ruɓaɓɓen gansakuka da wani farin dutse maras nauyi. Mu ba mu da waɗannan, amma muna da ɓuntun shinkafa, a jihar da ke da kamfanin Labana a Birnin Kebbi da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ban da ƙananan injinan casa a unguwanni. In aka jiƙa ɓuntu aka maye wani kaso na yashi da shi, tukunya za ta yi sauƙin ɗauka, jikinta ya yi kaushi irin na dutse. Ƙarfinta yana raguwa, don haka sai an kaurara bangon, an kuma tsawaita ban-ruwa.

Masu sana'ar su gwada da ƙananan tukwane tukuna, har su gano awon da ya dace. Ku kuma masu saye, in maigida ya ce tukunya ba ta nuna ba, ku ƙara masa mako guda.