Me Kirista yake nufi idan ya ce Allah na ƙaunarsa?

Mu da muke zaune a Kudu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan har Anaca, kullum sai mun ci karo da kalmar ƙauna: a bayan danfo, a allon coci, a bakin mai wa'azin da ke tada unguwa da lasifika tun asuba. Da yawa cikinmu sun ɗauka daɗin baki ne kawai, irin na saurayi da budurwa. Ba haka ba ne. Ni Musulmi ne, kuma ba wa'azi na zo yi ba. Amma tunda da mutanen nan muke ciniki, a gidajensu muke haya, gara mu san abin da suke nufi kafin wani yaro ya yi katoɓara a Facebook ya ja wa unguwa guda fitina.

Sabon Alkawari, wato kashi na biyu na littafinsu, da harshen Girka aka rubuta shi. Kalmar da ya fi amfani da ita a nan ita ce "agape", masu fassara zuwa Hausa kuma suka sa ƙauna. Malamansu sun ce abu biyu ne suka bambanta ta da son da muka saba. Ba ta jiran sai ka cancanta, sannan idan akwai asara a ciki, mai ƙaunar ne ke ɗauka. Bulus, a babi na 5 na wasiƙarsa ga mutanen Roma, a kan haka ya kafa hujja: da ƙyar ake samun wanda zai mutu saboda mutumin kirki, amma a wurinsu Almasihu ya mutu ne saboda masu laifi, tun ma ba su tuba ba.

Misalin da ya fi shiga kaina yana cikin Linjilar Yohanna, babi na 10, don na dabbobi ne. An kwatanta makiyaya biyu. Ɗaya ɗan ƙwadago ne, da ya hango kyarkeci sai ya ari na kare, tunda tumakin ba nasa ba ne. Ɗayan shi ne mai garken, ya san su sun san muryarsa, ya tsaya har ya ba da ransa.

Duk wanda ya taɓa rako shanu a tirela daga Potiskum zuwa Kara ya san rabin farko na maganar nan. Idan saniya ta faɗi cikin dare sauran suka fara taka ta, dole wani ya sauka tsakanin ƙahoni ya tashe ta, in ba haka ba kafin gari ya waye ta zama mushe. A nan ake gane ɗan mai kaya da wanda kuɗin rakiya kawai ya kawo shi. To amma mu faɗi gaskiya, me ya sa ɗan mai kaya ke sauka? Don saniyar kuɗi ce. Kuma akwai iyaka. Babu falken da zai ce ɗansa ya mutu saboda bijimi, komai ƙibarsa. In 'yan fashi suka tare hanya, shanu ake bar musu a tsira da rai. Makiyayin da ke cikin misalin ya wuce wannan iyakar, ya ba da abu mai tsada ya ceci mai araha. A lissafin kara wannan faɗuwa ce ƙarara, kuma Kiristoci ba sa musun haka. Cewa suke yi ai nan ne ƙaunar take.

Sai kuma maganar ta juya, makiyayin ya koma shi ne dabbar yanka. Yahudawa na da Idin Ƙetarewa, inda a zamanin baya kowane gida ke yanka ɗan rago namiji, bana ɗaya, marar aibi, kusan yadda muke duba ido da ƙafa da kunne kafin mu sayi ragon layya. A lokacin wannan idin ne Linjila ta ce an gicciye Yesu, shi ya sa suke kiransa Ɗan Ragon Allah. A layya bawa ne ke fitar da kuɗinsa don neman kusanci ga Ubangiji. A aƙidar Kirista, Allah ne ya biya fansar daga wurinsa, mutum karɓa kawai ya yi.

A nan muka raba hanya, kuma ban ga amfanin a ɓoye ba. Aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta kore kisa da gicciye Annabi Isa (AS), Alƙur'ani ya kuma maimaita cewa wani ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Muna da sunan Allah Al-Wadud, amma ba mu yarda yana da ɗa ba. Sai dai rashin yarda daban, izgili daban.

Aƙidar ba a baki ta tsaya ba. A 1941, a sansanin Auschwitz da Jamusawa suka kafa a ƙasar Poland, wani fursuna ya ɓace, sai aka ware mutum 10 za a kashe su da yunwa. Ɗayansu, Franciszek Gajowniczek, ya fashe da kukan matarsa da 'ya'yansa. Wani fadan Katolika mai suna Maximilian Kolbe ya fito ya ce a ɗauke shi a madadinsa. Bayan kusan mako biyu ba ci ba sha bai mutu ba, aka ƙarasa shi da allurar guba ran 14 ga Agusta. Mutumin da ya fansa ya rayu har 1995. Mutanenmu na Kalaba kuma sun san sunan Mary Slessor, wadda ta baro Sikotilan a 1876 ta ƙare rayuwarta a yankin tana tsince tagwayen da ake jefarwa a daji, har ta rasu a 1915.

Na san wani zai ce, yo ina ƙaunar a cocin da ake ce wa talaka ya shuka kuɗi ya girbi mota? Tambayar na kan hanya, kuma Kiristoci da yawa sun riga mu yin ta. Maƙwabcinmu ɗan Katolika ya fi ni zafi a kan masu irin wannan wa'azin.

Saboda haka ranar Juma'ar da ke gaban Ista, in ka ga ayari a titi an ɗora wa wani saurayi gicciye ana tafe ana tsayawa, ba wasan kwaikwayo suke yi don nishaɗi ba. Ranar makoki ce, tashoshi 14 suke bi suna tuna wahalar da suka yi imani an sha dominsu. Ɗan acaba ya rage gudu ya ba su hanya, kada ya cika su da hon. Mahauta kuma kada su yi yanka da yawa ran nan a unguwar da 'yan Katolika suka yi yawa, don ba sa cin nama a Juma'o'in azuminsu na kwana 40, masu kifi ne ke da kasuwa. Ran Asabar ake dawowa layin nama.