Dino Crisis: Wasan da ƙwallo ta danne a shagunan gem

Duk wanda ya tashi a unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anacha ko Garkin Inugu ya san a da Winning Eleven ke cin kasuwa a shagunan gem. A ƙasan tarin faifan PlayStation kuwa akwai Dino Crisis na kamfanin Capcom, wanda Shinji Mikami ya tsara a 1999.

Jarumar, Regina, tana tsibirin Ibis da harsashi ƙalilan, ga dodannin ƙadangaru na bin ta har ɗaki. Ban tsoronsa bai gaza na Resident Evil ba. Matsalar ita ce, kuɗin mai shago na kowane zagaye ne, shi kuwa wannan sai an wuni ana lalubar lambobin buɗe ƙofa, NEPA na ɗauke wuta a koma baya.

A 2025 GOG ta dawo da shi kan kwamfuta.