Ɗorin Aliero da Kasuwar Hidima a Ƙetaren Iyaka

Masana tattalin arziki suna raba abin da ƙasa ke sayarwa waje gida biyu, wato haja da ake lodawa a mota, kamar albasar Aliero, da kuma hidima, wadda ita ce aikin da mutum ke yi wa wani a biya shi, kamar magani da koyarwa da sufuri. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan hidima, wadda ta fara aiki a 1995, ta lissafa hanyoyi 4 na wannan ciniki, kuma biyu daga cikinsu sun daɗe a ƙasar Kabi: mai buƙata ya ƙetaro iyaka ya zo, ko mai sana'a ya tashi ya je ya same shi.

Ɗorin gargajiya na Aliero shi ne shaida mafi ƙarfi. Wanda ya samu karaya a Nijar ko arewacin Binin, aka ɗauko shi zuwa hannun maɗori, ba kuɗin ɗori kaɗai yake bari ba, domin makonnin da zai yi da karare ɗaure a ƙafa yana jiran ƙashi ya kama, masu jinyarsa suna cin abinci, suna biyan masauki, suna shiga motar haya zuwa Jega. Duk wannan ciniki ne da ƙasar waje, ko da yake ba ya bi ta hannun kwastan, kuma rashin rubuta daga ina majinyata suke zuwa babbar asara ce, tunda a nan ne za a gane wace kasuwa ce ta riga ta buɗe.

Abin da ke nuna kasuwa mai albarka a harkar hidima shi ne harshe da hanya da kuɗi. Hausa tana ci a Dogon Dutsi da Gaya na Nijar, ana kuma ciniki da ita a Malanbil ta Binin. Titin Jega yana kaiwa Birnin Kabi da iyakar Kamba, ta kudu kuma ya ratsa Maiyama zuwa Yawuri. Faɗuwar naira tun 2023 ta sa mai sefa yana ganin arahar magani da karatu a Najeriya. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, za ta iya cin moriyar haka idan ta tanadi darasin Turanci ga ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci, aka kuma daidaita amincewa da takardun shaida.

Cikas ɗin siyasa ce. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Albasa takan jure kwanaki a bakin iyaka, amma mai karaya ba ya iya jira, shi ya sa ya kamata gwamnatin Kabi ta ba arewacin Binin, ta hanyar Tsamiya da Segbana, kulawa daidai da wadda take ba yankin Dosso na Nijar.