Yadda Zane Yake Isar da Ma'ana: Misali Daga Babbar Riga da Bangon Gida

Mu ɗaliban Hausa mun saba neman ma'ana a cikin kalma. Idan aka ce adon harshe, sai hankalinmu ya tafi ga kamance da siffantawa da jinsintarwa a cikin waƙa. Amma Bahaushe yana da wata hanyar magana da ba ta bi ta baka, watau zane, kuma shi da kansa ya ce gani ya kori ji. A wannan maƙala za a duba wurare biyu da ya fi zuba wannan fasaha, gaban riga da fuskar gida, domin a ga dabarun da ke sa ido ya fahimci abin da ba a faɗa ba.

Mu fara da babbar riga. Wanda ya ƙura wa aikin aska takwas ido zai lura cewa ba a raba shi daidai ba. Nauyin aikin yana ɓangaren hagu, inda aljihu yake, kuma daga nan ne asake masu tsini suke gangarowa ƙasa. A dama akwai tambari, wani da'ira mai naɗewa, wanda akan maimaita shi a baya. Wannan rashin daidaito dabara ce. Ido yakan fara sauka kan wurin da aiki ya fi cika, sa'an nan tsinin asake su ja shi ƙasa, har mai rigar ya ƙara tsawo da kwarjini a idon mai kallo. Idan ya naɗe hannuwan rigar bisa kafaɗa, faɗinsa ya ƙaru, aikin ƙirji kuma ya fito fili. Ke nan an yi zanen ne domin jiki mai tafiya da zama a gaban jama'a. Rigar da aka shimfiɗa a gidan adana kayan tarihi rabin maganarta kawai take yi.

Yawan aiki shi ma magana ne. Aska biyu da aska takwas ba ɗaya suke ba, domin kowa ya san aikin hannu mai yawa yana cin watanni, wanda ya iya biyan watannin nan kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Haka kayan da aka yi aikin da su: zaren tsamiya, ko alharinin da fatake suke ketowa da shi ta Hamada, ko sheƙin baƙin kore da ake bugawa a Kura. Tun daga nesa, kafin a yi sallama, rigar ta riga ta gabatar da mai ita. Saboda haka ne ma sarakuna suke ba da riga kyauta, ko su tufatar da wanda suka naɗa, don jama'a su gani a jikinsa.

Akwai kuma wata ma'ana da ke ƙarƙashin wannan. Yawancin masu zana aikin riga a da malamai ne da almajirai, mutanen da hannunsu ya saba da alƙalami da zayyana da hatimi. David Heathcote, wanda ya yi nazarin wannan sana'a a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ya shirya nunin fasahar Hausawa a London a 1976, yana cikin waɗanda suka lura da kamar da ke tsakanin wasu zane-zanen riga, irin su gidan biyar, da hatiman tsari. Idan haka ne, aska a ƙirji tana iya zama kariya daga baki da ido. Sai dai a nan ya kamata mu yi hattara. Sau da yawa idan ɗalibi ya tambayi mai ɗinki ma'anar wani zane, amsar da zai samu ita ce, "Ado ne, haka muka gada." Wannan amsa gaskiya ce, kuma ba daidai ba ne mu koma ɗaki mu ƙaga masa falsafar da bai faɗa ba don a cika kundi.

Fuskar gida tana bin irin wannan ƙa'ida, amma da kayan aiki dabam. A Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, magini ba ya watsa ado ko'ina a bango. Yakan tara shi ne a kewayen ƙofar zaure, daidai inda baƙo zai tsaya ya yi sallama, zankwaye kuma su ɗaga ginin sama. Gidan Bahaushe rufaffe ne, baƙo ba ya wuce zaure, don haka labarin abin da ke ciki sai a tambayi fuska. Babbar dabarar magini ita ce inuwa. Yakan tayar da zane da laka ya yi tudu, ko ya sassaƙa shi a cikin yaɓe tun yana ɗanye. Da hantsi da la'asar, lokacin da rana take dukan bango a karkace, kowane layi sai ya sami inuwarsa, zanen ya fito ƙuru-ƙuru ko da ba a sa masa launi ba. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), zai ga yadda zurfin sassaƙa kaɗai ya wadatar a jikin ginshiƙai.

Da yake Musulunci ya hana surar mai rai, magini ya koma ga layi da ƙulli da kayan amfani. Takobi da bindiga suna nuni ga sarauta da jaruntaka, allo kuwa ga malanta. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ya faru a shekarun 1950, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun 'yan kasuwa, siminti da fenti suka samu. Sai ga keke da mota da agogo da jirgin sama a bangon Zariya, kusa da dagin da aka gada. Wasu suna ganin wannan lalacewar fasaha ce. Ni ban yarda ba. Maginin bai sauya nahawunsa ba, sababbin kalmomi kawai ya aro, kamar yadda harshen kansa ya ari "mota" da "keke". Attajirin da ya sa aka zana masa mota yana faɗin abin da basarake yake faɗi da takobi.

Dagi ya isa misali a kan yadda ma'ana take sauyawa alhali zane yana nan yadda yake. Ƙulli ne da ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa, kuma ya daɗe a jikin riga da fata da bango. Da gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauke shi tambari, sai ya zama alamar haɗin kan al'ummu masu yawa, har ake ce masa dagin Arewa. Wannan ma'ana amfani da maimaici ne suka ɗora masa. 'Yan siyasa sun fahimci hakan sarai, domin yawancin masu zaɓe ba su yi boko ba. NPC ta riƙi fartanya, NEPU ta riƙi tauraro, a zaɓen 1979 kuma NPN ta zo da gida da masara, PRP ta zo da mabuɗi. Talakan da ya ga mabuɗi bai bukaci a karanta masa manufa ba, ya san akwai ƙofar da aka rufe masa.

Matsalar da ke gaban mai nazari a yau ita ce shaidar tana ƙarewa. Littafi yana jira a laburare, amma bangon laka sai an yaɓe shi ana gyarawa, damina biyu ko uku na sakaci sun isa su shafe aikin gwani. Magada da yawa suna rushe zaure su gina shago da bulo, keken ɗinki kuma yana fitar da aska takwas cikin kwana ɗaya. Ɗalibin da zai ɗauki hoton irin wannan bango ya je da hantsi, ya rubuta unguwa da shekarar ginin, ya kuma nemi sunan kowane zane daga bakin maginin da ya rage.