Sauya wa Kiristal na Furotin Ruwa Domin Nazarin Siffarsa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin da ya sa ake ɗauke kiristal na furotin daga ruwan da ya girma a ciki a sa shi a wani, da hanyar yin haka ba tare da ya lalace ba. Abin da ake nufi da kiristal shi ne ƙwarar da ƙwayoyin furotin suka jeru a cikinta bisa tsari ɗaya, kamar ƙwarar gishiri. Ita ake haska wa eksire, a auna yadda hasken ya warwatsu, a gano siffar furotin.

Kiristal da Ruwansa

Kiristal na furotin ya bambanta da na gishiri, domin kusan rabinsa ruwa ne. A 1968 Matthews ya nuna cewa ruwan yakan kai daga kashi 27 zuwa 65 bisa ɗari. Tun 1934 Bernal da Dorothy Crowfoot suka gano a Kambirij cewa kiristal na fefsin, idan ya bushe, tsarinsa rushewa yake yi, sai an bar shi cikin ruwansa na asali sa'an nan yake ba da hoto mai amfani.

Dalilan Sauyi

Da yake akwai kafofin ruwa a cikin kiristal, ƙananan sinadarai suna iya ratsa shi. Saboda haka ake jiƙa shi a ruwa mai ɗauke da ƙarfe mai nauyi kamar zaiba, wanda yakan maƙale a wurare ƙayyadaddu ya zama ma'aunin lissafi. Da taimakon irin waɗannan ƙarafa Kendrew ya fitar da siffar mayogulobin a 1958. Haka kuma akan jiƙa shi a ruwan magani don a ga inda maganin yake kamawa. Dalili na uku shi ne sanyayawa. Ana daskarar da kiristal da naitirojin zuwa digiri 173 ƙasa da sifiri don rage ɓarnar eksire, amma sai an fara sa shi a ruwa mai giliserol, kimanin kashi 20 zuwa 30, wanda ke hana ƙanƙara fasa shi.

Hanyar Aiki

Ana ɗauko kiristal da ɗan zoben zaren nailan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, dabarar da ta samo asali daga zoben waya na Teng a 1990. Wajibi ne sabon ruwan ya ƙunshi gishirin da ke cikin na asali, tsaminsu kuma ya zama ɗaya. Idan bambancin ya yi yawa, ruwa zai kwarara ciki ko waje farat ɗaya, kiristal ya tsage ko ya narke. Shi ya sa ake bi daki-daki: kashi 5 na giliserol, sa'an nan 10, sa'an nan 15, har a kai adadin da ake so.

Kammalawa

Tsagewa ɓarna ce da ido yake gani. Wadda ta fi ta haɗari ita ce kiristal ya ɗan ƙanƙance bai tsage ba. A 1956 Crick da Magdoff sun lissafta cewa sauyin rabin kashi ɗaya bisa ɗari a girman ɗakunan kiristal yana iya canza ƙarfin hasken da aka auna da kimanin kashi 15. Mai bincike zai iya ɗora wannan canji a kan ƙarfen da ya sa, alhali kuwa ruwa ne ya jawo shi. Don haka ya kamata a sake auna girman ɗakunan bayan kowane sauyi, kafin a dogara da sakamakon.